Wayar da Na Rufe da Siminti

Ni na yaɓe bangon gidan Alhaji Ramalan, ni kuma na fasa shi, saboda haka duk mai son ba ni labarin abin da ya sami Shef Tijjani ya riƙe abinsa. Na ji ana ba da shi iri-iri a Arlit, a tasha, a wajen mai shayi, har a ƙofar masallaci, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Sunana Siddiƙ, magini ne ni, daga Damagaram na zo shekara goma sha tara da suka wuce. Ba ni da haƙuri, wannan kowa ya sani. A da kuma ina bugun ƙirji ina cewa ba ni da tsoro.

Shef Tijjani mutumin Tasawa ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin lantarki a ramin ma'adini na Akokan, har ya shugabanci ma'aikata, abin da ya sa sunan Shef ya bi shi ke nan. Da aka rufe ramin abokan aikinsa suka ɗaure kaya, wannan ya nufi Maraɗi, wancan Yamai, wasu suka shiga daji neman zinariya. Shi ya zauna, ya koma jan wuta a gidajen mutane. Ba shi da gona, ba shi da shago, 'ya'yansa mata ne kuma duk suna gidajen mazajensu a kudu. Sunansa kawai yake da shi, sunan kuma shi ke ciyar da shi da matarsa Zuwaira. A garin nan in mutum zai sayar da gida, kafin ya faɗi yawan ɗakuna sai ya ce Shef ne ya ja wutar, mai saye kuma ya gyara zama.

Alhaji Ramalan ɗan Tawa ne, yana da kamiyo huɗu, manyan motocin kaya, a hanyar Assamakka. Taliya, madara, dabino, karo na daɓen ɗaki, duk abin da ya tsallako iyaka yana da hannu a ciki, ga katon shago kusa da kasuwa inda yake sayar da kayan gini. Da ya tashi gina gidan da zai tare, ya ce ba mai taɓa masa wuta sai Shef. Ba don ƙauna ba, ni na san Alhaji. So yake a riƙa faɗi.

Ranar da aka sauke wayar ina wurin. A kamiyonsa ta zo, naɗi goma sha biyar, ja da shuɗiya da mai ruwan ɗorawa, kowane naɗi cikin ledarsa yana sheƙi. Shef ya tsuguna ya yage leda, ya kama bakin wayar ya bi ta da babban yatsansa a hankali. A jikin robar akwai rubutu da aka danna, haruffa da lambobi, irin wanda yatsa ke iya ji. Ya bi shi har ƙarshe, ya sake komowa, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Mai kyau ce, Alhaji," in ji shi. "Irin wadda muke amsa a magaza ce."

Magazar kamfanin ma'adini yake nufi, ɗakin ajiyar kayan aiki. A can waya ba ta zuwa hannun ma'aikaci sai da wannan rubutun, kuma shekara ashirin da shida rubutun bai taɓa yi masa ƙarya ba. Mutumin da ya tashi a kasuwa kamar ni ya san rubutu ba ya wuyar bugawa, amma Shef ba a kasuwa ya tashi ba.

Kwana tara ya yi yana jan wayar, shi kaɗai, ni kuma ina biye da shi da siminti. A kwana na biyu na fara lura. Ƙusa ta faɗi a gabansa, maimakon ya duba sai ya shimfiɗa tafin hannu yana shafa ƙasa. Da azahar kuma sai ga Zuwaira da kanta da kwanon abinci, tsohuwa da ita, cikin wannan rana ta Arlit da ko jaki neman inuwa yake. Na tsokane shi na ce, Shef, amarci ne bai ƙare ba har yanzu? Ya yi dariya. Amma na ga abin da take yi in ta ajiye kwanon. Wajen naɗin waya take zuwa, ta ɗaura zare a jikin kowanne, ƙulli ɗaya a ja, biyu a shuɗiya, uku a mai ruwan ɗorawa. Shi kuma duk wadda ya yanka sai ya lanƙwasa bakinta daidai da ƙullin kafin ya zura ta a bututu. Ashe suga ta ci masa ido. Yana ganin mutum, yana ganin ƙofa da taga, amma launi da ƙananan abubuwa sun tafi.

Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce mini ba, amma ya san na gani. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsabta kamar na tsohon nan ba. Hannunsa ya san hanyar kowace waya fiye da yadda na san hanyar gidana. Na ce a raina mene ne nawa a ciki, na ci gaba da dama simintina.

Ni ma ina da nawa abin da na ɓoye. Alhaji yana tsaye a kaina kullum, ya riga ya sa ranar tarewa, ya aika wa dangi a Tawa su taho saukar Alƙur'ani. Cikin gaggawa na daddanne bututun robar da wayar ke bi, musamman a kusurwa, wasu suka fashe siminti ya shiga. Na shafe kansu sumul. Waya ta zauna daram, ba mai iya zaro ta sai ya fasa bango, amma wa zai so zaro sabuwar waya? Aka yi fenti, aka lika karo a ɗakunan cikin gida har rabin bango, aka haɗa wuta. Fitilu suka kama gaba ɗaya, Alhaji ya yi ta yawo ɗaki ɗaki yana kunnawa yana kashewa.

Saura kwana takwas Alhaji ya tare, ina gida ina cin abincin rana, Shef ya yi sallama. Ko zama bai yi ba. Ya miƙo mini guntuwar waya kamar tsawon hannu ya ce in duba bakinta in gaya masa abin da na gani.

"Fari ne, Shef," na ce.

"Kankare gefenta da wuƙa."

Na kankare. Jan da ke sama ya tafi kamar an goge lalle, farin ƙarfe ya fito.

Sai a sannan ya zauna. Ya ce ragowar wayar gidan Alhaji ce. Zuwaira ta ce ya ɗaure mata mariƙin bokiti, ya lanƙwasa sau uku wayar ta karye a hannunsa. Jan ƙarfe ba ya karyewa haka. Ya ba ta ta duba, ta ce masa ciki fari ne. Alminiyam ne aka shafa wa ja a baya, aka sa masa riga mai rubutu.

"Hannuna ya hwaɗa mini tun ranar farko," in ji shi. "Na ji ba ta da nauyi, na ji ta cika taushi. Na ƙaryata hannuna saboda rubutun."

Na ce to sai me, ba ga fitilu suna ci ba? Ya ce fitila ba komai ba ce. Alhaji ya sayo kilim biyar na sanyaya ɗaki, ga firigo biyu na sanyaya abinci, ga injin ruwa. Bari zafi ya kai inda yake kaiwa, a kunna su dare da rana, wayar nan za ta yi ta ɗumi a mahaɗa har robar ta narke. Ko bana ko baɗi, wata rana rufin zai kama. Dole a cire ta duka.

Raina ya ɓaci har na ture kwano. Na ce masa ba ta ciruwa, na faɗa masa abin da na yi wa bututu. Na ce wata biyu na yi ina shafe bangon nan, ba wanda zai sa mini guduma a kai. Na ce ba kai ka sayo wayar ba, ba kai ka buga rubutun ba, ka yi shiru, in Allah ya tsare shi ke nan. Da na ga bai motsa ba sai na taɓo inda na san zai yi zafi. Na ce in ka buɗe baki, tambayar farko da za a yi maka ita ce yaya aka yi ba ka gani ba.

Ya karɓe ta daga hannuna. Babban yatsansa yana ta bin rubutun guntuwar wayar.

"Na sani," ya ce. "Amma a rami, wanda ya ga ɓaraka ya yi shiru, shi ne ya kashe duk wanda ta kashe. Haka anka koya mana. Akwai ƙananan ɗiya da za su kwana cikin gidan nan, Siddiƙ."

Na bi shi ne don in ja masa birki, ba don na yarda ba. A hanya na yi ta roƙonsa ya ja Alhaji gefe, su biyu, a cikin mota ko a bayan shago. Ya ce to. Amma mutum ba ya sauya halin shekara ashirin da shida a tafiyar minti goma. A rami in an ga matsala a take ake faɗinta, a gaban kowa, da ƙarfi, don kada wani ya ce bai ji ba. Muka iske Alhaji bayan la'asar a fadarsa ta ƙofar shago, mutum kamar goma sha biyu a kan tabarmi, shayi yana kan wuta. Shef ya yi sallama, aka amsa, ya tsaya a tsakiya.

"Alhaji, wayar gidanka ba ta da kyau. Jabu ce. Sai an cire ta kahin kowa shi kwana ciki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da Shef bai sani ba, ko ya sani bai auna ba, shi ne irin wannan wayar tana jibge a cikin shagon da ke bayan Alhaji, kuma a kan tabarmar akwai mutum uku da na san sun saya.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa, ya gyara hula, ya yi murmushi.

"Mi kac ce, Shef? Zamna mana. Ku ba shi wuri."

Shef ya zauna ya maimaita, ya miƙa guntuwar wayar. Alhaji ya karɓa ya juya ta sau ɗaya, ya rufe ta cikin tafin hannunsa. Na ga idonsa lokacin da ya ga farin. Ya gane. Na rantse ya gane a take.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ranar da anka sauke wayag ga, wa yad duba ta yac ce mai kyau ce? Ba kai ba? Gaban mutane kac ce irin ta magaza ce. Kwana tara kana yanka ta, kana feɗe ta, baki ɗari nawa? Ba ka ga hwari ba sai yau?" Ya juya wajen jama'a. "To ni abin da nig gane, wadda nib ba shi jan ƙarhe ce. In yanzu hwara ta cikin bango, sai a tambayi inda ja tat tahi. Kun san abin da jan ƙarhe ka yi a kasuwa."

A garin da ake kama mutane da buhun wayar sata, wannan magana ba wasa ba ce.

"Ban taɓa ɗaukar ko ƙusa ta wani ba," in ji Shef.

"Ban ce kai ɗaya ba." Alhaji ya waiwayo kaina a hankali. "Siddiƙ, kai kar ruhe bangon, ko? Da gaggawa ma, in ban manta ba. Ku biyu kaɗai ad da makullin gidan. Sai mu tai kwamsariya, wajen 'yan sanda, ku yi bayani can."

Na hango kaina a bayan kanta, na hango an fasa bango an ga fasassun bututuna, na hango matata tana kai mini abinci. Mutumin da ke cewa ba shi da tsoro, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Alhaji, ba sata ba ce," na ce. "Ba ya gani ne. Idonsa ya mutu. Matarsa ke ɗaura masa zare a waya."

Har yau ina gaya wa kaina cewa don in wanke shi daga sata na faɗa. Ƙarya nake yi, kaina na wanke. Shef bai juyo ya dube ni ba, kafaɗunsa kawai na ga sun sauka.

Alhaji kuwa fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya tashi da kansa ya shiga shago. Akwai tsofaffin naɗi biyu masu kyau da yake ratayewa a bakin ƙofa, su ake nuna wa mai saye. Ya yanko guntu daga kowanne, ja da shuɗiya, ya feɗe bakinsu, ya zagaya da su kowa ya ga jan ƙarfe har ciki. Sannan ya shimfiɗa su a kan tabarma a gaban Shef.

"Ƙila ƙazahi Siddiƙ ka yi maka," in ji shi. "Wanke kanka. Miƙo mini ja."

Shef ya lalubo su. Ya ɗauki ɗaya ya kai ta dab da ido, ya juya ta wajen haske, ya ɗauki ɗayar. Yatsansa ya bi wannan, ya bi waccan, ba ƙulli, ba lanƙwasa. Wani ya yi tari. Mai dafa shayi ya tsaya da buta a sama. A raina ina ta cewa ka canka, tsoho, ka canka kawai, biyu ce fa, ƙila ka dace. Ni da ke kusa da shi ina iya taɓa masa gwiwa ta gefen da ja take, ba wanda zai lura. Ban taɓa ba.

Ya ajiye su duka biyun, a jere, yadda ya same su.

"Ba a canke da waya," ya ce. "Ban iya rarrabe su, Alhaji. Gaskiya Siddiƙ ya hwaɗi. Amma wayar gidanka jabu ce."

Wani ne ya fara dariya daga baya, sauran suka kama. Ba dukansu ne mugaye ba, na san su, amma shayin Alhaji suke sha, kuma dariya ta fi sauƙi a kan su koma gida su kankare tasu wayar.

"To kun ji," in ji Alhaji. "Makaho ya ga hwari cikin wayata. Wa yag gane maka, Tijjani?"

Tun da nake a Arlit ban taɓa jin an kira shi da sunansa tsirara ba.

"Matata."

"Matarka. Ita ma rami ta yi aiki?" Aka sake kwashewa. Alhaji ya buɗe tafin hannunsa ya cilla guntuwar wayar cikin kwata. "Allah kaɗai ya san bolar da kat tsinto wagga. Ni ba wannan ad damuwata ba. Shekara nawa kana shiga gidajen bayin Allah kana haɗa musu wuta da lalube? Hamadi, ba shi yaj ja maka taka ba bara?"

Hamadi tsohon direban kamfani ne, shekara da shekaru shi ke kai su Shef bakin rami. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Shi ne. Kuma da ma fitilar zaurena tana ƙyafƙyaftawa."

Shi ke nan, aka buɗe ƙofa. Wannan ya tuna soket ɗinsa ya taɓa yin ƙara, wancan ya tuna firigonsa ya lalace. Gidajen da aka yi shekaru ana alfahari da su, cikin minti biyar duk suka zama abin tsoro. Shef yana zaune a tsakiya, hannuwansa a kan gwiwa. Da ya miƙe zai tafi, ƙafarsa ta ture kofin shayi.

"Wani shi kama mai hannu shi ƙetarar da shi titi," in ji Alhaji. "Kada mota ta kwashe muna shi a ce mu ne."

Ba wanda ya tashi. Ni ma ban tashi ba. Ya tafi shi kaɗai yana bin gefen bango, aka miƙo mini shayi na biyu na karɓa na sha.

Washegari da hantsi Alhaji ya aiko a kira ni sabon gidan. Na iske shi da wani mai gyaran wuta da ya ɗauko daga Agadas, ga sababbin naɗin waya a ƙasa, na ga an kankare bakin kowanne. Bai yi mini wani bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Ya nuna mini ɗakinsa, da falonsa, da ɗakin baƙi, ya ce in fasa.

Kwana uku na yi ina sara bangon da na shafe da hannuna. Duk inda na zaro waya sai na duba bakinta, ko zan sami ja ko sau ɗaya in ji sanyi. Fara ce daga farko har ƙarshe. Mutumin Agadas ya bi aikin Shef mahaɗa bayan mahaɗa, ya girgiza kai, ya ce mini a hankali ko waya ɗaya ba a saka inda ba wurinta ba, wanda ya yi wannan aikin gwani ne. Na ce ya faɗa wa Alhaji. Ya ce shi aiki ya zo yi.

Masu wucewa suna jin ƙarar guduma suna leƙowa. Alhaji yana tsaye a ƙofa yana amsa musu. "Ɓarnar makaho muka gyara," yake cewa. "Ya haɗa ja da shuɗiya. Allah ne yat tsare." Kafin Juma'a maganar ta kai Akokan. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya riga ya yi magana da Shef a kan sabon gidansa ya aika masa cewa ya fasa.

A rana ta huɗu na ɗauki guduma na nufi cikin gida, ɓangaren iyali, ɗaki huɗu da madafa. Alhaji ya tare ni a ƙofar tsakar gida.

"Ina za ka?"

Na ce saura nan.

"Ka ga karon da ag ga bangon nan? Daga Tamanrasset yat taho, babu irinai a garin ga. Baƙi kuma jibi suna hanya. Bar shi."

Na ce, Alhaji, nan ne fa kilim uku suke, nan firigo yake, nan yara za su kwana. Ya ce in an kwana biyu zai duba. Na san irin wannan kwana biyun. Na tsaya ina kallonsa da guduma a hannu, shi kuma ya matso ya dafa kafaɗata kamar wani ɗan'uwana.

"Kada ka damu kanka, Siddiƙ. Allah shi ka tsarewa. In ma wani abu ya hwaru, duk garin ga an san wanda yaj ja wutar."

Na shafe inda na fasa, aka yi fenti, aka yi sauka ranar Juma'a. An yanka raguna uku. Na ci, kuma naman ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba.

Sai da na yi sati biyu kafin na iya zuwa gidan Shef. Da hantsi na je. Zuwaira ce ta amsa sallamar, ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta ce mini sannu ba, ta nuna mini rumfa da haɓa. Yana zaune a kan tabarma, jakar kayan aikinsa a rataye a jikin ginshiƙi, ƙura ta fara hawa kanta. Ya rame. Tun ranar nan ba wanda ya kira shi ko sauya ƙwan fitila, masallaci ma sai ya bari an tayar sannan yake shiga sahun baya.

Na zo da jawabi a bakina, na yi ta shirya shi a hanya. Ina fara cewa, Shef, abin da na yi, sai ya ɗaga hannu.

"Bar wannan. Da ba ka hwaɗi ba, da ni zan hwaɗi. Na ji an ce an fasa bango."

"An fasa."

"Kai ka fasa?"

"Ni ne."

"Ka gan ta da idonka? Fara ce?"

"Fara ce, Shef. Duk yadda ka faɗa haka take. Mutumin Agadas ma ya ce aikinka ba kuskure ko ɗaya."

Bai nuna ya ji wannan na ƙarshen ba. Ya matso, ya lalubo hannuna ya riƙe da nasa biyu.

"Abin da ke hana ni cin abinci ɗaya ne. Suna ya tahi, na sani, ba ya komowa. Amma in an cire ta, to ban yi asara a banza ba. An cire ta duka? Har cikin gida, wajen ɗiyan?"

Zuwaira tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, idonta a kaina. Ita tana gani. Na kawar da fuska na dubi jakar da ke rataye.

"Duka," na ce.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Ya sauke numfashi, ya ce wa Zuwaira ta kawo mana fura, yau zai sha.

Bai saki hannuna ba. Babban yatsansa yana ta bin bayan hannun a hankali, ya je ƙarshe ya komo, yadda ya bi rubutun wayar ranar da aka sauke ta. Ni ma ya yarda da ni.